Ɗakin da Malam Bushe Ya Zaɓa wa Launi

Yana da sunansa na gaskiya kamar kowa, amma ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuno shi. Kowa Malam Bushe yake ce masa. Asalin abin kuwa, shekara talatin da ɗoriya yana sana'ar fenti, ba a taɓa tambayarsa "Ya ka ga launin nan?" ya ba da amsa a tsaye ba. Sai ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Sai ya bushe." Magina suka fara kiransa Sai-Ya-Bushe, kafintoci suka ga sunan ya yi musu tsawo suka datse shi.

Gajere ne kakkaura, wuyansa ya ɗan karkace saboda yawan kallon silin. Ko wanka bakwai ya yi sai ka ga ɗigon fenti a bayan kunnensa. Taurin kai kuwa, ranar da aka yi rabonsa da buhu ya je. Yawancin aikin da yake samu fari ne ko ruwan madara, abin da masu gida suka fi so ke nan, kuma yakan yi shi yana jin rediyo, hankalinsa yana wani wuri. Amma a ce masa ana son ɗaki mai duhu, nan take zai kashe rediyon.

A wurinsa fenti mai duhu shi ne fenti. Fari yana rufa wa kowa asiri, ko magini ya yi ha'inci a filasta sai farin ya shanye. Mai duhu ba ruwansa da asirin kowa. Duk tudu, duk rami, duk inda hannu ya yi rawa, sai ya nuna. Ga shi da sauya fuska: wanda ka gani a bokiti daban, wanda ya hau bango yana jiƙe daban, busasshen ma na safe ba shi ne na yamma ba. Shi ya sa Malam Bushe ba ya kallon katin launukan da ake nunawa a kanti. Da kansa yake haɗawa, da tsohon bokiti da guntun katako, yana ɗiga baƙi kaɗan-kaɗan kamar mai ba jariri magani.

Doka ɗaya gare shi, kuma ta sa ya rasa ayyuka ba adadi. Ba ya yi wa ɗaki launi mai duhu sai wanda zai riƙa kwana a ciki ya zo da ƙafarsa ya zauna. Zai shafa launi uku a bango, kowanne faɗin tire, ya ajiye kujera a tsakiyar ɗakin. Mai ɗaki ya zauna da safe, ya zauna da rana tsaka, ya zauna da yamma, har kwana biyu. Miji ba ya zaɓa wa mata, ɗa ba ya zaɓa wa uba, ba a aike. Dokar ba haka kawai ta faɗo ba. Yana saurayi wani malamin makaranta ya sa shi ya yi wa ɗakin matarsa ruwan hanta, wai zai ba ta mamaki kafin ta dawo daga tafiya. Matar ta kwana uku a ciki, ta ja katifarta ta koma falo. Da suka haɗu a hanya ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi, "Kai ne ka mayar mini da ɗaki rami?" Maganar ta zauna masa a rai.

Abin dariya, ko kuma abin tausayi, mutumin nan bai taɓa mallakar bango ba. Ɗaki biyu na haya suke zaune shi da matarsa a ƙuryar wani gida, kusa da famfon da kowa yake wanki. Kujerar nan da yake ajiye wa mutane, shi bai taɓa zama a kanta ba. Abin da burushi ya kawo, makarantar yara ta cinye. 'Ya'yansa mata biyu suna gidajen mazajensu. Babban, namijin, shi ne ya yi nisa a karatu, har unguwa ta manta sunansa ta koma ce masa Injiniya.

Injiniya yana gina gidaje yana ƙarasa wa masu hali. Yaro ne mai fara'a, mai zaƙin baki, irin wanda zai taka maka ƙafa kai ka ba shi haƙuri. Uban yana alfahari da shi ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa a gabansa. Sau biyu Injiniya ya nemi ya yi masa ɗaki mai duhu a gidajen da yake yi, sau biyu suka watse ba daɗi.

"Baba, mutanen nan ba su da lokacin zaman kujera. Kai ka zaɓa musu mana, ai ka fi su ido."

"Ni zan kwana a ciki?"

"Haba Baba."

"To in ba su da kwana biyu, su yi fari su huta."

Daga nan Injiniya bai ƙara tayar da maganar ba, har uban ya ɗauka ya gane.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi da mota a ƙofar gida, ya ce Baba ya zo ya raka shi wani wuri. Suka yi tafiya mai ɗan nisa zuwa wata sabuwar unguwa inda rabin gidajen ba a ko rufa su ba. Ya tsaya a gaban wani bene mai ƙofar ƙarfe. Ana ta aiki a ciki, mai tayil na yanka, mai wayarin na kan tsani. Injiniya ya wuce da shi falo, ya bi wani ɗan lungu, ya tura ƙofa.

Ɗaki ne a ƙasa, babba, da banɗakinsa a ciki. Taga ɗaya doguwa tana kallon gabas, ƙarama tana kallon bayan gida inda aka bar wata bishiya ba a sare ba. Malam Bushe ya shafa bangon da tafin hannu tun kafin a ce masa komai, don hannunsa ba ya iya ganin sabuwar filasta ya ƙyale.

"Baba, gidan nan ba na kowa ba ne, nawa ne. Mu muna sama. Wannan ɗakin naka ne kai da Mama, don gwiwarka ba za ta iya bene ba. Ka yi masa launin da ranka yake so."

Malam Bushe bai juyo ba. Ya ci gaba da shafa bango kamar yana neman aibi, saboda idonsa ya kawo ruwa kuma ba ya son yaron ya gani. Da ƙyar ya ce, "Wa ya yi maka filastar nan? Akwai tudu a nan."

Injiniya ya yi dariya. "Allah ya bar mana kai, Baba."

A ranar Litinin ya zo da galan-galan ɗinsa a bayan babur, da kujerar. Ya ɓata safiya guda yana haɗi. Na farko shuɗi ne mai duhu kamar tawada. Na biyu ruwan ƙasa ne da ya kusa komawa baƙi, irin na shayin da aka manta a kan wuta. Na uku kore ne mai zurfi, kalar tsohuwar kwalba. Ya shafa su a jere a bangon da ke fuskantar babbar taga, ya ƙara shafa su a kusurwar da haske ba ya kaiwa sosai. Sannan ya ajiye kujerar a tsakiyar ɗaki, ya tsaya yana kallonta. Sai da ya kakkaɓe wandonsa kafin ya zauna, kamar baƙo.

Ashe zaman kujerar da wuya. Shekara talatin yana ganin mutane suna mutsu-mutsu a kanta yana ce musu marasa haƙuri, yau ga shi shi ma ya rasa tudun dafawa. Da gari ya waye ya dawo, da safe shuɗin ya tafi da shi, rana tana shigowa ya yi wani sheƙi mai sanyi. Da rana tsaka sai ya ga shuɗin ya yi tsauri, kamar ofishin da ake kiran mutum a yi masa faɗa. Ruwan ƙasan ya yi masa daɗi da yamma, amma a kusurwa ya mutu murus, ya zama baƙi kawai. Koren bai burge shi da farko ba. Shi dai yana nan, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Ma'aikatan gidan suka riƙa leƙowa. Mai tayil, wani dogo mai yawan barkwanci, da ya gan shi sai ya ɗaga murya, "Maigida ya iso! A gyara hanya!" Sauran su kwashe da dariya. Malam Bushe yakan ce, "Za ku gane kurenku, duk wanda ya ɗiga mini siminti a ƙofa." Daɗi yake ji har cikin ransa.

Kashegari ya ɗauko matarsa, don doka doka ce, ita ma a ciki za ta kwana. Ta sa mayafinta mai kyau kamar za ta unguwa. Ta zauna a kujerar, shi ya kifa bokiti ya zauna a gefenta.

"Yanzu Malam, duk launukan duniya ka rasa na zaɓa sai waɗannan? In na yar da allura a ɗakin nan sai dai in yafe ta."

"Ke dai ki kalla."

"Ina kallo. Wancan shuɗin sanyi yake sa ni ji. Na tsakiyar kuwa kamar tukunyar da ta ƙone."

"Koren fa?"

Ta ƙura masa ido. Iska ta kaɗa bishiyar bayan gida, inuwar ganye ta yi motsi a kan koren.

"Wannan ba ya damun mutum," in ji ta. "Ka ga gado a nan, kansa wajen bango, saboda in rana ta fito kada ta buge ka a ido."

Suna cikin haka Injiniya ya shigo da waya a kunne. Ya katse kiran, ya durƙusa ya gaida uwar, ya ce, "Mama, ya kika ga ɗakinki?" Ta riƙe kansa da hannu biyu tana sa masa albarka tana hawaye. Ya ce amin, amin, ya duba wayarsa, ya ce ana jiransa a wani wurin.

Koren suka zaɓa. Malam Bushe ya ce sai an ƙara masa ɗigon ja kaɗan don ya yi ɗumi, kuma bai yarda kowa ya taɓa masa bango ba. Ya kankare tudun nan da samfefa har hannunsa ya yi kanta. Ya cike ramuka, ya sake gogewa, ya share ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Shafi uku ya yi, yana barin kwana guda tsakanin kowanne. Layin da kore ya haɗu da farin silin da hannu ya ja shi, da ƙaramin burushi, yana riƙe numfashi, gwiwar tana masa zogi a kan tsani. Bai taɓa yi wa kowa aiki irin wannan ba, shi ma ya san haka.

A gida kuwa labari ya riga ya zaga. Matarsa ta fara naɗe kwanukanta na tangaran a tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali. Maƙwabta suna ta yi musu murna, wasu da zuciya ɗaya. Shi da kansa ya je ya gaya wa mai gidan hayar cewa sun kusa tashi, ya faɗa a hankali kamar ba wani abu ba, amma sai da ya maimaita.

Ran da shafi na uku ya kwana biyu, ya tafi da sassafe don ya ga yadda hasken safe zai zauna a kansa. A ƙofar gidan ya tarar da babbar mota ana sauke kaya. Ƙarti huɗu suna cicciɓar wani gado na katako mai nauyi, suna nufar lungun ɗakinsa. Zuciyarsa ta yi fari. Wato yaron nan har gado ya saya musu bai faɗa ba.

"Kai, kai, a hankali! Wallahi duk wanda ya goge mini bango sai ya lashe shi da harshe. Ba nan ba, can, kan gadon wajen bango."

"An ce mana ƙarƙashin taga," in ji ɗaya.

"Wa ya ce?"

"Ni na ce, Baba."

Wata mata ce a bakin ƙofa, ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, da jaka a kafaɗa da makullai a hannu, idonta duk gajiya. Ta shigo tana kallon bangon, ta juya a hankali har ta zagaye ɗakin da ido.

"Kai ne mahaifin Injiniya? Sannu da aiki, Baba. Wallahi ya fi yadda na zata. Ni likita ce, yawanci aikin dare nake yi, da rana nake barci. Shi ya sa na ce a gidan nan ina son ɗaki ɗaya a ƙasa, mai duhu, nesa da hayaniyar yara. Na ga aikinka a gidan wata ƙawata, na ce ni dai sai kai."

Malam Bushe ya ji kamar an zare masa tsani. Ya dafa bango, ya tuna sabon fenti ne, ya janye hannun.

"Gidanki ne?"

"Tun yana fili." Ta yi murmushi. "Ɗanka ya ce mini kai ba ka yi wa mutum sai ya zo ya zauna kwana biyu a kujera. Na ce masa ni ina na ga kwana biyu? Ya ce in bar masa, ya san yadda zai shawo kanka. Me ya ce maka ne?"

Ba ta san komai ba, ya ga haka a fuskarta. Ta bayan kafaɗarta ya hango mai tayil a falo, ya sunkuyar da kai yana goge abin da ya riga ya goge. Nan ya gane dariyar da ake yi duk safiya. Kowa a gidan ya sani, har maigadi. Mako biyu yana shiga yana fita yana ba da umarni, suna kallonsa. Kunya ta fara kama shi kafin baƙin ciki, kuma kunyar ta fi ciwo.

"Bai ce komai ba," in ji shi. "Allah ya sa ki ji daɗinsa."

Ya ɗauki kujerarsa ya ɗaure a bayan babur.

Ofishin Injiniya wata kwantena ce da aka yanka wa taga a wani wurin gini, da tebur da fanka da takardu a naɗe. Da ya ga fuskar uban ya san an je an dawo. Ya miƙe da sauri ya jawo kujera.

"Baba, zauna mana."

"Gidan wa na yi wa fenti?"

"Baba, bari in yi maka bayani."

"Tambaya ɗaya na yi."

Injiniya ya sosa ƙeya. "Da ma yau nake cewa zan zo gida. Ban san za ta kawo kaya da wuri haka ba."

"Wato laifin gadon ne da ya zo da wuri."

"Baba, tsakani da Allah, da na faɗa maka gaskiya za ka yi?"

"Ba zan yi ba."

"To ka gani! Matar nan ta nace sai kai. In ta ji daɗi, duk abokan aikinta ni za su nema. Kuma ai ta ji daɗin, ko ba ta ji ba? Ba wanda ya cutu. Ɗaki ne fa kawai, Baba. Dokar nan taka ita ta hana ka ci gaba shekara da shekaru."

Malam Bushe ya dube shi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yaron bai ko ji nauyi sosai ba. Dabara ya ɗauke ta, irin wadda ake ba abokai labari a yi dariya. Ya san abin da ubansa ya fi so a duniya, abin da bai taɓa buɗe baki ya roƙa ba, shi ya ɗauko ya yi ƙugiya da shi.

"Ni ka yi mini, na ji," in ji shi. "Ni mai taurin kai ne, wataƙila ni na ja wa kaina. Uwarka fa? Ka durƙusa a gabanta ka ce mata ya ta ga ɗakinta. Ta riƙe kanka tana kuka, kana cewa amin. Da wane baki ka ce amin ɗin?"

Wannan maganar ta shigi Injiniya. Ya zauna a bakin tebur, ya kasa haɗa ido da uban.

"Zan ba ta haƙuri. Wallahi zan gyara. Ai ina gina nawa, na gaskiya, har an haƙa tushe. Da an gama can za ku koma. Ka yi duk launin da kake so, ko baƙi ƙirin ne."

"Kana da zanen?"

"Yana nan."

"Buɗe in gani."

Injiniya ya zaro wata doguwar takarda ya shimfiɗa a kan tebur, ya danne gefenta da waya da kofin shayi. Malam Bushe bai yi makaranta mai nisa ba, amma ya shekara talatin yana bin zanen gidajen mutane, ba a ɓoye masa ɗaki a takarda. Gida ne mai kyau, an zauna an yi tunaninsa. Kwanan watan da ke ƙasa ya nuna tun bara aka gama zanen.

"Nuna mini namu."

Yatsan Injiniya ya sauka a kan falo. Ya matsa zuwa kicin, ya wuce ɗakin cin abinci, ya hau bene. Nasa da matarsa, na yara maza, na yara mata, wani ƙarami da aka rubuta wa ɗakin karatu. Ya sauko ƙasa. Sito, garejin mota biyu, ɗakin maigadi a bakin ƙofa. Yatsan ya yi ta yawo, fanka tana ɗaga gefen takardar. A ƙarshe ya tsaya a kan wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar shiga.

"Ga wannan."

"Me aka rubuta a kansa?"

Injiniya ya kawar da kai.

"Karanta mini, idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

"Ɗakin baƙi," in ji shi, can ƙasan maƙoshi.

Malam Bushe ya gyaɗa kai. Ya ɗauke kofin shayin daga kan takardar, ya naɗe ta da kyau yadda ya same ta, ya miƙa wa ɗansa da hannu biyu.

"To madalla. In mun zo za mu yi sallama."